Minti Uku Saboda Kuɓewar Mama Talatu

Tun ranar da na dawo zaurena bai huta ba. Duk wanda ya zo barka da sauka, kafin ya gama tanƙwashe ƙafa sai ya ce, "To Alhaji, yaya Amurkar?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura kowa ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a kasuwar Sabon Gari wani ya tare ni, wai ya ji na yi wa majalisar dokokin Amurka jawabi har sun miƙe tsaye. Ban yi ba. Majalisar da na shiga ta wani ɗan gari ce a bayan Washington, kansilolinta ba su kai na ƙaramar hukumarmu yawa ba, jawabin nawa kuma ba haka ya tafi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi, kowa ya karanta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Zariya ne, kuma ƙuruciyata a sayen fata da ƙirgi ta ƙare. Aikin nan ya kai ni Fort-Lamy, babban birnin Chadi, tun ba a sake mata suna ba, ya kai ni Khartum da Akara da Abijan. A hanya na tsinci Fulatanci da Faransanci da Larabcin kasuwa, na ɗora a kan Turancin makaranta. Saboda haka da ɗana Kabiru, wanda ke aikin injiniya a can, ya aiko cewa in zo a duba mini ido in kuma ga jikoki, ban ɗauka akwai abin da zai ba ni mamaki ba.

Biza a Legas aka ba ni. Baturen da ke bayan gilashi ya tambaye ni me zai tabbatar masa zan dawo. Na ce masa ina da gonar dawa a hanyar Soba da ban taɓa yarda wani ya auna mini amfaninta ba. Ya yi dariya ya buga hatimi. Daga Kano muka tashi a farkon bazarar 1987, muka sauya jirgi a London. Abin da ya dame ni a zango na biyu shi ne rana. Mun nufi yamma, ita ma ta nufi yamma, muka yi ta tafiya tare ta ƙi faɗuwa. Na yi azahar, na yi la'asar a zaune, na yi barci na farka, har yanzu la'asar ce. Wani ɗan Sudan da ke kusa da ni ya ce, "Ya Hajj, ajiye agogon nan, sai mun sauka ma tambayi mutanen ƙasa."

A filin jirgin Dulles ba matakala aka kawo mana ba. Wani ɗaki ne mai tayoyi ya zo ya manne da ƙofar jirgi, muka shiga muka zauna, ɗakin ya tafi da mu. A wurin 'yan kwastan ne aka fara yi mini rashin mutunci cikin ladabi. Uwargida ta ɗaure mini kilishi da daddawa da garin kuka. Ma'aikacin ya ɗaga kilishin ya ce, "Nama ne?" Na ce kilishi ne. Ya ce, "Amma da nama aka yi?" Na ce da nama aka fara. Ya ba ni haƙuri, ya jefa shi cikin kwandon shara gaba ɗaya. Na ƙetare iyakoki da yawa, an sha karɓe mini guzuri. A iyakar Chadi soja ya raba kilishina biyu, ya ci rabi a gabana, ya ce ya yi yaji. Wannan na fahimce shi. Amma mutum ya karɓe ya zubar bai ko ɗanɗana ba, wannan ya fi ciwo. Daddawa kuwa da ya buɗe ƙullin ya kai hanci, sai ya rufe da sauri ya yi mini alama da hannu in wuce.

Gidan Kabiru yana wani ɗan gari a jihar Maryland, ba nisa da Greenbelt. Benaye ne na jan bulo masu hawa uku, a jere, ga ciyawa an aske ta kamar kan ango, babu katanga babu zaure. Cikin ginin da muke kaɗai akwai mutanen Koriya, da na Habasha, da na wata ƙasa Salbado, da baƙaƙen Amurka, da Turawa. Na ce wa Kabiru ai wannan Sabon Gari ce, ko unguwar Treichville ta Abijan. Bambancin shi ne a Treichville kowa yana waje, kana jin harshe goma kafin ka kai bakin titi. A nan kowa yana ciki. Da safe motoci su kwashe mutane, da yamma su dawo da su, ƙofofi su rufe. Ƙamshin girki kaɗai ke haɗuwa a matakala.

Kwana kaɗan da zuwana ɗaki ya ishe ni, na ɗauki darduma na shimfiɗa a kan ciyawar ƙofar gida, na kishingiɗa ina jan carbi. Ban jima ba sai ga motar asibiti da jiniya. Wasu ƙarti biyu suka duro, ɗaya ya kama wuyan hannuna, ɗaya yana tambayata sunan ranar yau. Ashe wata Baturiya ce a saman bene ta hango tsoho a kwance, ta buga waya. Na ce musu lafiyata ƙalau, shan iska nake. Suka dubi juna. A ƙasar nan in ka kwanta a waje, ko dai ka cire riga kana shan rana, ko kuwa ciwo ne ya kayar da kai.

Abinci ba laifi. Binta matar Kabiru tana tuƙa tuwo da wani farin gari na kanti, yakan yi kama da na gida in ka rufe ido. Kajinsu manya ne, amma naman kamar auduga, ko tsohon da ba shi da haƙori ba zai gode ba. Naman yanka sai mun tafi wata gona a Virginia, wajen Sterling, mu zaɓi rago mu yanka da kanmu, manomin yana tsaye yana kallon sama. Ranar Juma'a nakan shiga bas, in sauya zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa, in fita a unguwar ofisoshin jakadanci inda babban masallaci yake. Matakalar tashar da kanta take tafiya, kuma zurfinta ya fi na duk rijiyar da na taɓa leƙawa. Ranar farko sai da na tattare babbar riga na rungume ta kamar jariri.

Wata safiya ina zagayawa bayan gidajen, inda titi ya ƙare a bakin wani ɗan rafi, sai na ji murya ta ce, "Kai, ɗan banza! Uwarka ce ta shuka?" Da Hausa. Na tsaya cik. Na leƙa bayan shinge, sai ga wata dattijuwa da ɗankwali da rigar sanyi, ta ɗaga fartanya tana bin kurege.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Daga ina?"

"Zariya."

"Na ga alama. Hannunka bai san fartanya ba. Ku Zage-zagi baki Allah Ya ba ku."

Wannan ita ce Mama Talatu, mutuniyar wajen Pankshin. Mijinta ya rasu, 'yarta Rifkatu da ke aikin nas a wani asibiti ta ɗauko ta don ta riƙe mata tagwayenta. Ba ta jin Turanci sai na gaisuwar coci. Ta ce mini lokacin sanyin farko da ta yi a can saura kaɗan ta haukace, wata da watanni daga ita sai bango da talabijin. Da sanyi ya wuce ta fito yawo, ta tarar da wani tsoho baƙar fata, Mista Otis, tsohon direban bas, yana tona ƙasa a wannan fili. Ta tsaya kallo. Ya zaro wasu 'ya'yan iri daga aljihu ya nuna mata. Ta ce da ta ga irin kuɓewa a tafin hannun mutumin nan sai da ta yi hawaye. Shi ma a jihar da aka haife shi, can kudu, ita suke ci.

Lokacin da na zo, filin ya zama ƙaramar duniya. Ga kuɓewar Mama Talatu da yakuwa da alayyafo a ɓangaren titi. Ga kabeji da barkonon wata tsohuwa 'yar Koriya da muke kira Iya Kim. Ga masara da wake na wani dattijon Salbado. Ba wanda ke jin harshen wani. Mama Talatu ta yi wa Iya Kim Hausa, Iya Kim ta mayar da Koriyanci, su yi ta gardama a kan yawan ruwa, kuma kowace ta tafi da tabbacin ita ta yi nasara. Ni da nake taƙama da harsuna sai na zama ɗan kallo. Amma na samu wurin zama, a kan wani bokiti da aka kife, kuma ba wanda ya kira mini motar asibiti.

Filin na hukumar gari ne, kuma babu wanda ya nemi izini.

Ana tsakiyar zafi, kuɓewa ta fara fure, muka wayi gari an kafa turaku masu jan ƙyalle, ɗaya ma a tsakiyar kunyar Mama Talatu. Da hantsi wata matashiyar Baturiya ta zo da taswira a nannaɗe. Sunanta Helen, ita ce jami'ar tsara unguwanni ta majalisar garin. Da ta ga kabeji da masara sai ta buɗe taswirar ta duba, ta sake dubanmu. A takardarta wurin fari ne fat, ba komai. Ta yi mini bayani cewa unguwar ta cika da baƙi daga ƙasashe daban-daban, majalisa ta ɗora mata aikin gano abin da kowa ke buƙata. Ta sa sanarwa a jaridar gari da ɗakin karatu, ta ce kowa ya faɗi ra'ayinsa. Waɗanda suka amsa sun ce filin wasan tanis suke so da wurin ajiye motoci.

Na ce, "Da wane harshe aka yi sanarwar?"

Kunnuwanta suka yi ja. Yarinyar kirki ce. Ta ce ba a yanke hukunci ba tukuna, akwai zaman majalisa da kowa zai iya zuwa ya yi magana, ta roƙe mu mu zo.

Da na fassara wa Mama Talatu, ba ta yi faɗa ba. Ta jingina da fartanyarta ta ce, "Alhaji, yaushe za ka koma?" Na ce ƙarshen damina. Ta ce, "In suka tuge kuɓewar nan, tare za mu tafi. Ni ban san hanyar jirgi ba, kai ka sani. Ba zan sake zaman kallon bango ba."

Da yamma sai ga Rifkatu a gidanmu da fararen kayan aiki, ta durƙusa har ƙasa. "Baba, ku taimake ni. Mama in ta faɗi magana ta faɗa. In ta tafi, ko dai in bar aiki ko in tura yaran gida, ga su ko yaye ba su daɗe da yi ba." Na ce ta kwantar da hankalinta. Masu lambu kuma suka haɗu a kan ni zan yi magana a madadinsu, tunda ina da Turanci da furfura da babbar riga.

Kabiru ya ce, "Baba, minti uku fa ake ba kowa. Akwai fitila a gaban mai magana. Kore, ka fara. Rawaya, ka tattara. Ja, ka zauna."

Na ce, "Kabiru, na yi magana a gaban Di'o tun ba a haife ka ba. Na yi a gaban kwamandan Faransa. Fitila ce za ta koya mini magana?"

Ya ce, "To Baba."

Zauren majalisar bai fi ajin makaranta biyu ba. Abin da na gani a wurin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Shugabar majalisa likitar haƙori ce, daga wurin aiki ta zo. Wani kansila a kan keke ya iso, ya shigo da hular kwano a hannu. Ba ɗan sanda, ba maroƙi, ba mai riƙe jaka. A wurinmu in hukuma na son fili, ranar da ka ji ƙarar katafila ranar ka samu sanarwa. A Abijan na ga an rushe kasuwa guda tsakanin asuba da hantsi. A nan kuwa wani mutum ya miƙe ya wanke shugabar tas a kan ramin da ke titinsu, ta ce masa ta gode, ta rubuta.

Mama Talatu ta zo da daro a ka, an rufe da zane. Kabiru ya tare ta a ƙofa. "Mama, mene ne wannan?"

"Gaisuwar manya. A je gaban hukuma hannu sake?"

"Mama, a nan in kika ba su ko goro ne, cin hanci ne. Sai a kama ki a kama su."

"A kan kuɓewa?" Ta wuce abinta, ta ajiye daron a ƙarƙashin kujera.

Masu son tanis suka fara. Gaskiya sun shirya. Kowa ya miƙe, ya faɗi sunansa, ya shiga magana kai tsaye kamar mai sayen tikiti. Wani malamin makaranta ya ce matasan unguwar ba su da wurin wasa sai titi, kuma maganarsa gaskiya ce. Wata mata ta ce lambun ƙazanta ne, gwangwanaye ko'ina, ga warin ruɓaɓɓen kifi. Wannan ma gaskiya ne, Iya Kim ce ke binne kan kifi a gindin barkononta.

Aka kira sunana. Na miƙe, na gyara riga, na isa gaban makirfo. Fitila ta yi kore.

To jama'a, ku da kuke karantawa ku gaya mini, mutum ya tsaya gaban shugabanni a garin da yake baƙo, da me zai fara? Na gai da shugaba, na yi mata fatan alheri ita da iyalinta. Na bi kansiloli ɗaya bayan ɗaya, don sunayensu na rubuce a gabansu, kuma bai kamata a gai da wani a bar wani ba. Na gai da Helen, na yaba da tarbiyyarta. Na isar da gaisuwar mutanen Zariya. Na gode da karɓar baƙuncin da aka yi mini, na yaba da kyan tituna da ruwan famfo da ba ya ɗaukewa. Na ga wani abu rawaya yana ƙiftawa ta gefen idona, na ɗauka ciwon idon ne. Na juya na gai da jama'ar da ke zaune, har da masu tanis, don kada a ce da gaba na zo. Sannan na gyara murya na ce, "Yanzu kuma, abin da ke tafe da ni..."

Ƙararrawa ta yi ƙara. Ja.

Shugabar ta yi murmushi ta ce ba a taɓa gaishe da majalisar nan haka ba, ta gode ƙwarai. Aka yi mini tafi, har da masu tanis. Na tsaya ina jiran a ce in ci gaba, sai na ji an kira sunan wani. Na dawo na zauna. Kabiru ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Mama Talatu ta matso. "Sun yi tafi. Me ka ce musu a kan kuɓewar?"

"Ban kai ga kuɓewar ba."

"Yakuwar fa?"

"Ita ma."

"Duk surutun nan?"

"Gaisuwa ce."

Ta dube ni irin kallon da ta yi wa kurege. Sai ta sunkuya ta jawo daronta, ta miƙe, ta kama hannun rigata. "Tashi. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ni zan faɗa, kai ka juya."

Sunanta ba ya cikin masu magana, amma Helen ta je ta raɗa wa shugabar wani abu. Shugabar ta ce an yarda, kuma tunda da tafinta za a yi, an ninka mata lokaci. Da ta ga daro sai ta ce doka ta hana su karɓar kyauta. Kansila mai keke ya ce ai ba kyauta ba ce, shaida ce, a ɗora a tebur. Mama Talatu ta yaye zanen. Kuɓewa ce danya shar, da yakuwa, da kabejin Iya Kim, da masara goyo biyu.

Ta ce, "Gaya musu ni ba gaisuwa ta kawo ni ba. Alhaji ya gaishe su har ta baɗi."

Na faɗa, amma na ɗan sassauta, na sa ladabi a gaba da baya. Ta ja rigata. "Na yi gajeruwa ka yi doguwa. Ka sake gaishe su ko? Abin da na faɗa kaɗai."

Daga nan ban ƙara ko wasali ba. Ta ce an ce a takarda babu kowa a filin nan, to wannan daga ina ya fito? Ta ce 'yarta tana can asibiti yanzu haka tana jinyar iyayensu, ita kuma tana riƙe 'ya'yan 'yar don ta samu ta yi aikin. "Ni wa ke riƙe da ni? Ƙasar nan ce. Da safe in na taɓa ta sai in san ni mutum ce." Ta ce ba ta san an yi sanarwa ba, don a garinsu in ana son jin bakin tsohuwa zuwa ake yi a same ta. Ta nuna Iya Kim, wadda ta taso ta tsaya a gefenta ba tare da an kira ta ba. "Wannan ban san sunan garinsu ba, ba ta san nawa ba. Amma ranar da ban fito ba sai ta buga mini ƙofa. Kifin nata kuwa yana wari, ni ma na gaya mata."

Aka fashe da dariya. Mista Otis daga baya ya ce "Amin!" da ƙarfi kamar a coci.

Ta ce, "Ban ce kada yara su yi wasa ba. Amma na ga ƙwallon nan a talabijin. Ba ta kai lemo ba. Me za ta yi da fili duka?"

Ta ɗauki zanenta ta koma ta zauna, fitila tana kore.

Ba a yanke hukunci a ranar ba. Aka miƙa wa kwamiti, wanda na gane a duk duniya ma'anarsa ɗaya. Sai dai nasu kwamitin ya zo. Wata Asabar muka gan su da gajerun wanduna, suna tsallake kunyoyi, Helen tana gaba da sabuwar taswira. Bayan haka ta shiga bin gidaje ƙofa ƙofa, ta nemi tafinta a kowane harshe, ni ma na raka ta wurin wasu mutanen Togo da Faransancina. Amma makonni suka yi ta wucewa shiru. Aka yi mini aikin ido, na warke. Mama Talatu ta sauko da akwatinta, ta sa Rifkatu ta kama mata kujera a jirgin da zan hau. Rifkatu ta rame.

Ana jibi zan tashi majalisa ta kaɗa ƙuri'a. Aka raba filin biyu. Ɓangaren titi na tanis, ɓangaren rafi na lambu, da izini a rubuce, da famfo, da shinge. Za a auna wa kowa nasa, kifi kuma an hana. Muka yi murna a gidan Kabiru, sai Binta ta ce, "Baba, ai kuɓewar Mama a ɓangaren titi take." Ƙasar da ta shekara biyu tana gyarawa da ganye da toka, ita za a shafe da kwalta. Abin da za a ba ta a bakin rafi jar ƙasa ce mai tauri, cike da saiwa. Rifkatu ta buga waya ta ce ta gaya wa Mama, ita kuwa ta shiga ɗaki ta rufe, akwatin kuma yana nan a bakin ƙofa.

Ranar tafiya, da sassafe, na ce wa Kabiru ya ɗora kaya bari in je in dawo. Na bi ta gidan Rifkatu, ta ce Mama ta fita tun da asuba, ba ta san ko sallama ta je yi da Iya Kim ba. Na gangara filin. Tsohuwar kunyarta tana nan, an tsinke kuɓewar tas, an bar manyan da suka bushe a ɗaure gefe guda. Can bakin rafi na ji sara. Na ƙarasa, sai ga ta da tsohon zanen aiki, ta duƙa tana fasa jar ƙasar nan, Mista Otis yana turo mata baƙar ƙasa a baro daga tsohon wurin, Iya Kim tana tsaye tana ba da umarnin da ba wanda ke ji.

Na ce, "Mama Talatu, jirgi fa ba ya jira."

Ba ta ɗago ba. "Wane jirgi?"

"Wanda aka kama miki kujera."

"Ka ɗora ƙafarka a kai." Ta sake kai sara, ta ciro wata saiwa ta jefar. "Dubi ƙasar da suka ba ni. In na bar wa waɗannan biyun, kafin baɗi sun kashe ta. Ita da kifi, shi da surutu. Kuma acca nake so in gwada a can ƙarshen."

"Acca a Amurka?"

"An ce maka tana da fasfo ne?"

Na ce to me zan gaya wa mutanen gida? Sai a nan ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta share gumi da bakin ɗankwali.

"Ka gaishe su. Wannan aikin kam ka iya shi."

To jama'a, na Zariya da na Pankshin da duk wanda takardar nan ta iske, Mama Talatu tana gaishe ku.